Masu Sharar Cikin Kaka

Likita ya ce sai an yi wa Kaka aiki a ciki, Kaka ta ce atafau. Matar da ko tukunya ba ta bari a buɗe, ita za a buɗe?

"In datti ya shiga, wa zai share?" ta tambayi jikarta, mai aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti.

Jikar ta ja ta har can, ta sa ɗigon ruwan cikin wani majinyaci ƙarƙashin madubin ƙara girma.

"Leƙa, tsohuwa. Waɗannan halittun suna zaune tsakanin hanji da bangon ciki, suna cinye datti da ƙwayoyin cuta. Manyan cikinsu 'yan gida ne, da irinsu aka haife ki. Ƙananan daga jini suke zuwa taya aiki."

Kaka ta kanne ido ɗaya, ta daɗe tana kallo. "Ikon Allah! Ba tsintsiya?"

"Haɗiyewa suke."

"Sun fi ki amfani, ja'ira."

Ranar aikin, tana kwance, ta kamo rigar likita. "Ɗan nan, ka yi sallama kafin ka shiga. Gidan da mutane."