Tafin Hannun Baba

A gonarmu ta yankin Yutland, ranar Alhamis ake yaye 'ya'yan aladu, kuma ranar Baba ce. Da an kwashe 'ya'yan sai ya bi uwayen ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora tafinsa a ƙugu, ya danna, ya shafo gadon baya. In ƙashi ya tokare shi, shayarwa ta ramar da ita, sai ya fesa mata jan fenti a ƙara mata abinci. In ya danna bai ji ƙashi ba, ta yi ƙiba, shuɗi ke nan, a rage. Ido kam bai yarda da shi ba, ya ce tumbi da gashi suna ruɗin mutum.

Gonar tana hannun yayana Mogens yanzu. Tun da ciwon sukari ya kama Baba Mogens yake ta nacin Baba ya koma gidan tsofaffi a gari, kusa da likita. Baba ya ce muddin hannunsa na aiki ba inda za shi. A haka suka tsaya, ni kuwa ina bayan Baba, don na san ranar da ya bar garken nan ya gama yawo.

Da lokacin kaka ya shigo, shuɗin fenti ya riƙa ƙarewa da wuri. Har tsokanarsa na yi.

"Baba, shan fentin nan kake yi ne?"

"Ke Bodil, ku ne kuke ɗura musu abinci kamar za su biki!"

Muka yi dariya muka wuce. Wa zai bi bayan Baba ya sake taɓawa?

Akwai wata tsohuwar uwa a cikin aladun mai gashi buzu-buzu da Baba yake kira Uwargida, don ba ta matsa wa kowa a hanya. Ita ma shuɗi ta samu. Wata safiya aka zuba abinci, kowace ta miƙe, ita ta kasa. Mogens ya durƙusa ya shafa bayanta, na ga fuskarsa ta canza. Ni ma na sa hannu. Wayyo, ƙashi ne zalla a ƙarƙashin gashin, kafaɗarta har ta yi gyambo saboda kwanciya.

Mogens ya ƙwala wa Baba kira.

"Baba, taɓa ta ka gaya mini."

"Haba Yaya," na ce, "ka bari mana!"

"Ki yi shiru. Taɓa, Baba."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in kwaɗa masa shebur. Baba ya sunkuya da ƙyar, ya ɗora tafinsa daidai kan ƙashin da yake neman huda fata, ya danna, ya sake dannawa. Ya ɗago yana duban fuskokinmu, ko zai tsinci amsar a can.

"Tana da jiki," ya ce a hankali.

Mogens ya juya baya yana share ido da hannun riga, sai haushinsa da nake ji ya bi iska, tausayi ya kama ni.

Baba ya kifa bokiti ya zauna. Ya daɗe yana kallon Uwargida tana numfashi sama-sama.

"Ni na kashe ta da yunwa, ko?"

"Za ta tashi, Baba," na ce, alhali na san ba za ta tashi ba.

"Ban sani ba ne, yara. Da ban ji ƙashi ba sai in ce ƙiba ce." Ya buɗe hannayensa a kan gwiwa. "Tun bara ciwon sukarin nan ya kashe mini su. Ranar da uwarku take cikawa a asibiti ta ce, Ejnar, riƙe ni. Na riƙe. Ta ce tana matse mini hannu, ina ji? Na ce ina ji."

Ya miƙe yana dafa ƙarfen garke, ya ce wa Mogens ya kira mutanen gidan tsofaffin ya tambaya ko akwai ɗaki.