Na'urar da aka hana kashewa

An buɗe ƙofar ruwan da ke ba gonakin alkamar ɓangaren Bunkure ruwa ranar Litinin, bayan ta yi kusan mako a rufe ana jiran kwamfuta ta fitar da jadawalin rabo. Kwamfutar ba ta fitar da komai ba.

Wannan ya faru ne a watan Janairun 1988, a wani ofishin noman rani da ke wajen Kura. Malam Maharazu ne jami'in rabon ruwa a wurin. Ya daɗe yana raba ruwa tsakanin manoman sama da na ƙasa bisa tsohon zagaye, har aka kawo na'urar daga Kano, aka ce daga bana ita za ta tsara wanda zai sha da lokacin da zai sha.

Injiniya Dalhatu ne kaɗai ya iya magana da ita. Watanni ya yi yana rubuta mata umarni, yana gyarawa, yana sakewa. Ranar Talata da safe ya danna wani maɓalli, lambobi kore suka fara gangarowa a gilashin, sai ga ɗan aike daga Garun Mallam cewa mahaifiyarsa ta rasu. Injiniya yana bakin ƙofa zai fita ya juyo.

"Kada kowa ya taɓa ta har sai ta tsaya da kanta," in ji shi.

Ba ta tsaya ba.

Maharazu ya ja kujera ya zauna gabanta. Bai san abin da take yi ba, amma ya san ruwa. A aikinsa, in an saki ruwa ba a datse shi sai ya kai wutsiyar gona, domin wanda ya datse a tsakiya ya yi asarar na baya da na gaba. Ya ɗauka na'urar ma haka take. Da wutar lantarki ta fara rawa sai ya sa aka tayar da janareta, aka riƙa ɗura masa man dizal ɗin da aka ware wa motar sintiri.

Washegari ya lura lambobin suna maimaita kansu. Suna kaiwa wani wuri sai su koma farko. Hankalinsa ya kwanta. Ai rabon ruwa zagaye ne, daga wannan kanal, wato magudanar ruwa, zuwa wancan a dawo. Ya ce wa masinjan ofis aiki na tafiya.

Ranar Alhamis Baba Datti ya iso a keke. Shi ne shugaban manoman da ke ƙarshen kanal, inda ruwa ke zuwa a makare ko a shekara mai kyau. Ya shigo da damin alkama a hannu, ganyen ya fara naɗewa.

"Malam, ina ruwanmu?"

"Baba, ana lissafi."

"Wa ke lissafin?"

Maharazu ya nuna masa. Tsohon ya sunkuya, ya daɗe yana kallon gilashin.

"Wannan talabijin ɗin ce ta riƙe mana ruwa? To ka tambaye ta ko ta taɓa ganin alkama tana fitar da kai."

"Ba a tambayarta tana cikin aiki."

"Ashe babbar ma'aikaciya ce. Ku ma haka kuke."

Ya ajiye damin a kan tebur ya fita. Maharazu yana da mabuɗin ƙofar ruwan a aljihu. Yana kuma da umarnin da aka ba shi daga sama, cewa duk wanda ya buɗe ƙofa ba da sabon jadawali ba, shi zai amsa.

Bayan sallar Juma'a ya hau motar Zariya ya sauka a Garun Mallam. Ya tarar da Injiniya a kan tabarma a ƙofar gida, mutane na shigowa ana ɗaga hannu ana addu'a. Ya yi gaisuwa, ya zauna. Tun a mota yake shirya yadda zai kawo maganar, amma ba a kawo wa mai zaman makoki zancen aiki. Ya jira ko za a watse, ba a watse ba.

Da ya tashi tafiya, Injiniya ya ɗago.

"Ya ofis, Malam?"

"Lafiya lau. Allah ya jiƙan Inna."

Ya koma Kura ya ci gaba da gadin na'urar.

Injiniya Dalhatu ya dawo ranar Litinin, bai ma jira sadakar bakwai ba. Ya tsaya a bakin ɗakin, ya dubi gilashin, ya dubi jarkokin man da babu komai a ciki.

"Tun ranar take haka?"

"Ba mu bari ta mutu ba ko sau ɗaya."

Injiniya ya zauna. Ya yi bayani a hankali, muryarsa a dishe. Abin da ya kunna gwaji ne, da lambobin da ya ƙirƙira da kansa, don ya ga ko umarnin da ya rubuta yana tafiya daidai. Kamata ya yi ta gama kafin a sha shayi. Akwai kuskure a wani layi, shi ya sa in ta kai ƙarshe sai ta koma farko.

"Kamar kanal ɗin da aka haƙa ya zagayo ya faɗa cikin kansa," in ji Maharazu.

"Haka."

"Da na kashe ta fa?"

"Da ba abin da ya faru."

Injiniya ya miƙa hannu ya kashe ta. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar janareta a waje.

Maharazu bai jira takarda ba. Ya je ya buɗe ƙofar bisa tsohon zagaye. Baba Datti na tsaye a kan gaɓa lokacin da ruwan ya iso, bai gai da Maharazu ba. Ya ce alkamar da aka shuka da wuri ta riga ta ƙone, ta baya kuma sai an ga abin da kwana biyu za su nuna.

Injiniya Dalhatu bai gano layin da kuskuren yake ba tukuna. Umarnin da aka bayar daga sama cewa na'ura ce za ta tsara zagaye na gaba yana nan, ba a janye shi ba.