Hoton Shiuli Banu

Kwana bakwai aka ba Mofizul, kuma tun ranar farko abinci ya daina shigarsa. Tunda ya ajiye aikin koyarwa a Dhaka ba shi da abin yi sai rubuta tarihin tsofaffin 'yan fim a kundin ilmi na intanet, wanda kowa ke sa wa hannu kyauta. Shafi ɗari biyu da 'yan kai ya rubuta, amma na Shiuli Banu ne ɗan lelensa. Fim huɗu kacal ta yi, ta ɓace. Hotonta ɗaya ya iya samowa, na talla, wanda kamfanin fim ya raba wa gidajen sinima: tana waiwaye, da fure a gashi.

Sai ga wata Tasnuva mai sa ido kan hotunan kundin, yarinyar da a haife ya haifi uwarta, ta liƙa wa hoton jan gargaɗi cewa za a cire shi nan da kwana bakwai. Ta yi masa bayani cikin ladabin nan mai ƙona rai. Hoton mallakar kamfani ne, ko da kamfanin ya rushe. An yarda a ari irinsa, ƙarami, guda ɗaya, don ilmantarwa, in dai babu halin samun wani. Wanda ya mutu ba a sake ɗaukarsa hoto. Mai rai kuwa, a je a ɗauko sabo. To ina shaidar rasuwarta?

Babu. Shi dai ya ɗauka ta mutu, kamar yadda kowa ya ɗauka.

Haka dattijo ya bazama gari neman mutuwar mutum. Ya tone tsofaffin jaridu har tari ya kama shi. Ya zaga maƙabarta biyu cikin ruwan sama yana fama da masu gadi. A gida ya zauna ya tashi, ya buɗe shafin ya rufe. Matarsa Jahanara ta ce ita da ke gabansa shekara arba'in bai taɓa nemanta haka ba.

Rana ta shida wani tsohon tela da ya yi wa 'yan fim ɗinki ya bushe da dariya, ya ce wace mutuwa? Tana unguwar Mirpur gidan ɗan ƙanenta.  Wallahi baƙin ciki Mofizul ya fara ji, baƙin cikin tana raye, sai daga baya kunya ta rufe shi.

A hawa na huɗu ya same ta tana tsince shinkafa, gefen fuskarta ɗaya ya shanye. Ya miƙa mata wayarsa. Ta daɗe tana kallon hoton, don nata duk ambaliya ta cinye su. Yana in-ina ya bayyana mata ƙa'idar, ya roƙa ko za ta bari ya ɗauke ta sabon hoto.

"Da wannan fuskar? Malam, rufa mini asiri."

"Apa," ya ce mata, wato yaya, "tunda kina raye gobe za a cire wancan, ko na ɗauka ko ban ɗauka ba."

"To rubuta na mutu. Wa zai ƙaryata ka? Shekara hamsin ba wanda ya hawo benen nan ya tambaya."

Ya sauko daga benen. Layi ɗaya ne fa, kuma mai abin ce da bakinta ta roƙa. Amma mutumin da ya yi shekara talatin yana hana yara satar amsa, ina zai kai wannan? Washegari da hantsi ya rubuta cewa Shiuli Banu tana nan da rai a Dhaka. Tasnuva ta yi masa godiya, ta cire hoton.

Ya wanko kwafi ɗaya na tsohon hoton ya kai wa tsohuwar. Ta karɓa ta tura ƙarƙashin matashi, ko shayi ba ta ce a kawo masa ba.

Bayan wata biyar ɗan ƙanenta ya kira shi, sun dawo daga jana'iza ke nan.

"Ta bar maka saƙo. Ta ce a gaya wa malamin nan mai taurin kai, yanzu sai ya mayar."

Mofizul ya buɗe shafin, ya ɗora hoton, ƙarami, guda ɗaya. A gurbin da ake tambayar dalili ya rubuta cewa ba za a iya ɗaukar wani ba.