Awon Batakarin Likita

Sau uku Malam Abdulgafaru, mai ɗinkin batakari, rigar saƙi mai layi-layi, a unguwar Gumbihini, yana mayar wa Imoru masaƙi da saƙarsa, wai layukan sun karkace. Shekara talatin suna aiki tare, yanzu ko gaisuwa ba sa yi.

Matarsa Rakiyatu ta duba saƙar a rana, ta ga layuka sun miƙe sak. Ta kuma lura Malam ya fara ɗora wa ƙofar ɗaki da igiyar shanya laifin karkacewa. Da ta yi masa zancen asibiti ya ce, "Idon da ke zura zare a allura tun kafin a yaye ki?"

Ranar Talata ta ce, "Malam, wani likita a asibitin ido yana son batakari na bikin Damba. Ya ce sai kai, amma ba ya iya barin aiki."

Malam ya rataya tef ɗin awo a wuya, suka hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku.

Dakta Mahfuzu, wanda Rakiyatu ta riga ta tsara wa komai, ya miƙe ya ware hannuwa aka auna shi. Sannan ya ɗauko wata takarda mai layuka kamar raga, da ɗigo a tsakiya.

"Baba, irin wannan zanen nake so. Ya ka gani?"

"Wanda ya zana wannan ɗan'uwan Imoru ne. Dubi tsakiya, duk ya lotsa."

"To, rufe idon dama ka sake dubawa."

Malam ya rufe. Layuka suka miƙe. Ya buɗe, ya rufe na hagu, suka koma kamar macizai. Ya juya ya kalli matarsa, wadda ta duƙufa gyaran mayafinta.

Aka ɗiga masa magani, aka ɗauki hoton cikin idon. Likita ya nuna masa: tsufa ya sa ruwa ya taru a ƙarƙashin tantanin bayan idon dama, daidai inda ake ganin abu ƙanƙani. In an bar shi, tsakiyar ganin zai tafi, ɗinki ya tafi da shi. Maganin allura ce a ido, wata-wata.

"A ido?"

"Baba, kai da kake soka wa tufafin mutane allura kullum?" in ji likita.

"Tufafi ba sa kallona," Malam ya ce. Amma ya kwanta. Da aka gama ya tambaya ko an fara.

Kafin su fita ya ce, "Awo dai na riga na ɗauka. Batakari sai an ɗinka, kuma sai ka sa."

Bayan allura ta uku layuka suka kusa daidaita, sai ɗan lanƙwasa da likita ya ce mai yiwuwa ba zai tafi ba. Rakiyatu ta ƙunsa masa goro ta ce ya je ya ba Imoru haƙuri.

Ya same shi a bakin masaƙa. Ya ajiye goron, ya ɗaga saƙar nan da ya mayar sau uku, ya rufe ido ɗaya, ya duba ta a hankali.

"Imoru," ya ce, "hannunka ya gyaru ƙwarai kwanan nan. Ba ni wannan, ta likita ce."