Muryarta a Shafin Tijjani

Saudat na cikin karanto sunayen masu neman aiki sai ta kife wayar a cinyarta.

"Karanta mana," in ji Amatullahi, tana kore ƙuda daga kofin kununta.

"Yaya, wanga ba sai na karanta ba."

"Mi ya yi?"

"Tijjani ne. Tijjanin Zurmi."

Amatullahi ta ajiye kofin a hankali. Makarantarta ta intanet ce, ɗaki guda a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, inda take ɗaukar darussan kimiyya a bidiyo don masu shirin jarrabawar shiga jami'a. Saudat ƙanwarta ce, ita ke amsa saƙonnin ɗalibai. Talla kam suna yi, a rediyo, a Fesbuk, har matan unguwa na sa musu a wayoyinsu, amma ba su san wacce ke kawo ɗalibi ba, wacce ke shan iska. Shi ya sa suka nemi mai haɗa manhaja da zai yi aiki daga gidansa, ya sa wa kowace talla alama, a riƙa ganin ta inda kowa ya shigo.

Shi kuwa Tijjani, ai da shi aka kafa makarantar farko. Ita ke koyarwa, shi ke riƙe da shafi da kalmar sirri. Shekarar da aka rufe sabis a Zamfara, tana fama da jinyar mahaifinta, ko ƙofar gida ba ta iya nisa da ita. Tijjani ya ɗauki kwamfuta ya nufi Sakkwato, wai don kada makaranta ta mutu. Ranar da sabis ya dawo ta buɗe shafin, sai ta tarar da sabon suna. An yanke fuskarta daga kowane bidiyo, an bar allo da murya. Muryarta ce, har da ɗan tarin da take yi kafin ta fara, amma yara na ta rubuta, "Allah ya saka, Malam Tijjani." Ba asarar ɗaliban ta fi ci mata rai ba. Wannan godiyar ce.

"An ce tasa ta rushe," in ji Saudat. "Manhajar karatu ta canza, shi kuwa ko ruwa bai iya bayaninsa ba. Ya koma ɗakin gyatumarsa. Yaya, ki ce ya zo Kaura a yi hira ido da ido. Ya biyo hanyar nan, ya yini a benci, in an yi la'asar ki ce an ɗauki wani."

Wallahi shawarar ta yi mata daɗi. Har ta fara rubuta saƙon, sai ta goge.

"Kin tausaya masa ke nan?"

"Ni? Kin san hanyar Zurmi. In wani abu ya same shi, shi za a tausaya wa, a ce bawan Allah ya fita neman halali. Ba zan ba shi wannan ba. Kira mini shi a bidiyo."

Bayan azahar ya bayyana a fuskar waya, ya rame, hula ta yi masa yawa. A bayansa katangar ƙasa ce da akuya ɗaure.

"Malama, ina wuni."

"Lafiya. Sunanka fa?"

"Tijjani Maccido."

"To, Malam Tijjani Maccido, ka taɓa aiki da wata makaranta?"

Saudat ta toshe baki da mayafi. Shi ko ya ce ya taɓa. Ta yi ta jero masa tambayoyi kamar baƙon da aka tsinta a tasha, yana amsawa. Gaskiya dai a faɗe ta: yaron ya san aikinsa. Ya bayyana yadda za a ba kowace talla mahaɗinta, wanda duk ya latsa ya yi rajista sai sunan hanyar ya fito a gefen nasa, kowace safiya kuma rahoto ya iso wayarta.

"Tsohon shafinka yana nan?"

"Yana nan. Mutane ba su watse ba."

"Madalla. Ga gwajinka. Yau za ka hau shafin da fuskarka, ba allo ba, ka gaya musu muryar wa suke ji tun shekarun nan. Ka faɗi sunana har na ubana. Sannan ka sa mahaɗin makarantata a ƙasa."

"Malama, 'yan garinmu na cikin shafin. Har surukaina."

"Ai shi ya sa."

Daga cikin gida wata tsohuwa ta kira shi, muryarta a dushe. Ya waiwaya ya ce yana zuwa, Inna. Da ya juyo bai ƙara kallon wayar sosai ba.

"Na ji. To wane suna za a sa wa hanyar? Kowace da nata: rediyo, Fesbuk, matan unguwa."

Ta daɗe da tanadin abin da za ta gaya masa in sun haɗu, maganganu masu tsawo, tana bitarsu tana wanke-wanke. Duk suka tafi, kalmomi biyu suka rage.

"Satar Tijjani."

"Malama..."

"Ko a kira wancan mai neman aikin na Ilori? Shi ma ya iya."

Ta ji ƙarar madannai, a hankali, harafi bayan harafi.

"Kalmar sirri kuma tana hannuna," ta ce. "In kana bukatar shiga, ka yi sallama."

Kafin la'asar bidiyon ya fita. Sau biyu ta kalla, tana tsayar da shi daidai inda ya ce "Amatullahi Jelani". Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Wata Nusaiba daga Shinkafi ta yi rajista, ta kuma rubuto, "Ashe ke ce, Malama. Allah ya saka." A gefen sunanta ga kalmomin nan biyu, baƙi a kan fari. Sai wani daga Banga. Sai wata.

Daɗi kam ta ji shi, har cikin ƙashinta, babu amfanin ɓoyewa.

Saudat ta leƙo ta kafaɗarta. "Wagga hanya za ta fi rediyo, Yaya. Ke nan ba ki iya korarsa. Kullum kafin ki karya, sunansa za ki fara gani."

Amatullahi ta kife wayar a kan tebur, ta jawo kununta da ya riga ya huce. Wayar ta sake ƙara. Ta kurɓa sau ɗaya, sannan ta miƙa hannu ta juyo ta.