Kalmomin Ƙarƙashin Durowa

Ni na kai Auta ajin Turanci. Sai da na shekara arba'in da bakwai na fara riƙe fensir don rubutu, da can awon katako kawai nake yi da shi. Na yi shekara biyu a ajin manya kafin na ce wa ƙanen nawa ya biyo ni, don ya daina daskarewa in baƙo ya shigo shagonmu na kafinta.

Hanyata ɗaya ce. Duk kalmar da Malama ta ba mu, sai in rubuta ta a guntun katako da ma'anarta da jimla guda, in kafa a bango saman bencin aiki. Ina jan zarto ina kallo. Auta bai taɓa buɗe littafi ba. Yana goga samfefa yana karanta bangona da ƙarfi, har ya mai da shi waƙa. A aji kuwa, kafin in gama haɗa jimla a raina, ya riga ya ɗaga hannu. Kalmomina ne ke fita daga bakinsa, Malama tana cewa a tafa masa. Nakan tafa.

Sai ta raba takarda mai sababbin kalmomi sittin, ta ba mu ɗaya mu biyu tunda shagonmu ɗaya. Ta ce ranar Asabar akwai gwajin baka, wanda ya fi kowa shi zai yi jawabi a madadin aji ranar rufe zango. Jawabin nan na fi wata shida ina tsara shi a zuciyata.

Ban kafa ko katako ɗaya ba.

"Yaya, bango ya yi shiru," in ji Auta.

"Ƙusa ce ta ƙare."

Ya dubi gwangwanin ƙusa, cike yake har baki.

Akwai kabad mai durowa shida da muke yi wa wata mata. Da Auta ya fita cin abincin rana na zaro durowoyin, na kife su, na kwafe kalma goma a ƙarƙashin kowacce. Takardar na yayyaga ta, na tura cikin garin katako, na ce masa ta ɓace. Kullum in ya fita sai in zaro durowa ɗaya in yi bita.

Ana gobe gwaji na je sayo gam. Na dawo na tarar da wurin kabad wayam.

"Ina yake?"

"Mai shi ta aiko da mota. Ta ce aiki ya yi kyau."

Na zauna a kan benci. Durowa huɗu kawai na haddace.

"Yaya, lafiya? Kamar ka buga guduma a yatsa."

"Ba komai."

Ya jawo kujera ya zauna gabana. "Ta biyar ko ta shida?"

Na ɗago na dube shi.

"Wa ke shafa fenti a shagon nan? Ka ɗauka ba na juya durowa? Rubutunka ma ya fi kyau a can, ka danne fensirin sosai."

Ya fara jero su da waƙar nan tasa, kalma da jimlarta, yadda na rubuta. Na saurara, sauraron kawai zan iya yi. Ashirin ɗin da suka tafi a mota ban haddace ba, sai a bakinsa na same su, kuma kowacce da ɗacinta ta shiga.

Ranar Asabar na amsa duk abin da aka tambaye ni daidai, a hankali. Auta ya yi kuskure biyu, ya yi dariya, ya gyara, ajin ma ya yi dariya. Malama ta zaɓe shi ya yi jawabin.

Litinin da safe ya ajiye mini falle na katako da fensir.

"Yaya, ni baki gare ni. Rubuta mini."

Na rubuta masa jawabina, na kafa a bango da ƙusa huɗu. Tun kafin azahar ya fara rera shi.

Jimla ɗaya na riƙe, wadda na fi so. Tana ƙarƙashin bencin aiki, inda ba a shafa fenti.