Tazarar Ƙulhuwallahu

Malam Dodo ne ya tallabe kan maƙwabcinsa Tukur, dillalin fatu, lokacin da aka shigo da shi zaurensa a Ƙofar Marke, ƙafafunsa naɗe cikin buhu. A bayan motar fatu yake zaune, ƙafafu na reto, a hanyar Gusau. Motar ta taka birki a bakin gada, wadda ke biye ta afka mata. Mai tuƙa ta bayan kuwa Junaidu ne, ɗan Malam Dodo.

Tukur ya riƙo wuyan rigar Dodo, ya jawo shi kusa.

"Na ga ɗanka, na ga huskatai," in ji shi. "Ni shika kallo, bakinai na motsi."

Bai kai la'asar ba.

Dodo kaɗai ya ji maganar. Unguwa duk ta san cacar bakin da Junaidu ya yi da Tukur da damina, a kan indararon Tukur da ke zubar masa da katanga. Gobe alƙali zai zauna, kuma Dijatu, matar mamacin, ta aiko har sau biyu tana tambayar abin da mijinta ya faɗa na ƙarshe.

Da aka dawo daga maƙabarta Dodo ya ja ɗansa bayan rumbu, ya tambaye shi me yake karanta wa mutumin.

Junaidu ya ce ƙa'idar da ubangidansa na tuƙi ya koya masa ce. In motar gaba ta wuce itace, sai ka ɗauko Ƙulhuwallahu. In ka sauke kafin ka kai itacen, tazara ta isa a tsaya.

"Na sauke ta, Baba. Wallahi na sauke."

"Karanta in jiya."

Ya karanto ta da numfashi ɗaya, baƙi na hawan baƙi. Dodo ya san saurin nan, a bakinsa yaron ya ɗauke shi. Amma idon Junaidu yana ƙasa, bai ɗago ba.

Ɗan aiken Dijatu ya sake sallama. Dodo ya ce a gaya mata yana tafe.

Ya fito ya tsaya ƙofar gida. Jakuna biyu na tahowa da itacen girki. Na gaba ya gifta durumin masallaci, Dodo ya ɗauko surar a hankali, yadda liman ke ja. Bai kai rabi ba, na biyun ya shige inuwar durumin.